Maki Biyar na Shiga

Kontagora,
8 ga Satumba.

Zuwa ga 'yata Jawahir,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na asibiti. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ciwon gwiwar Gwaggonki Hadijatu ya ɗan lafa, har ta koma yin salla a tsaye. Ruwan sama bai ɗauke ba tukuna, masara ta nuna, masu zuwa ta'aziyya kuma sun ragu, sai ɗaiɗaiku daga ƙauye.

Kin kira ni sau huɗu ban ɗauka ba. Kada ki zaci fushi ne. Tun ranar da muka kai Rumaisa makwancinta na lura muryata ta daina bin umarnina, alƙalami kuwa har yanzu yana bi. Saboda haka zan riƙa rubuto miki da hannu, in ɗauki hoton takardar in turo ta waya, kamar yadda ita ta koya mini.

Ga dalilin wannan wasiƙa. Jiya Yaya Hadijatu ta ce lokaci ya yi da za a buɗe ɗakin marigayiya, a fitar da tufafinta, a raba su sadaka ranar arba'in, wato Alhamis biyu ga Oktoba. Na amince. Mahaifiyarta ta riga mu gidan gaskiya, ita kuma ba ta yi aure ba, ni mahaifinta ni ne magajinta, babu wanda zan jira.

Kin san 'yar'uwarki fiye da kowa. A iya sanina, kala shida ko bakwai take juyawa, har nakan yi mata faɗa a kan wata doguwar riga ruwan ƙasa da ta ƙi rabuwa da ita. To, mun buɗe wadirob ɗinta mun same shi cike maƙil. Ƙarƙashin gado akwai akwati biyu, su ma a cike. Na ƙirga sau biyu: kaya ɗari da sittin da uku. Atamfa, siket da riga, abaya, mayafai, ɗankwalaye, takalma. Duk an wanke, an goge, an ninke, kuma kowanne da 'yar lamba da aka ɗinka masa da jan zare ta ciki.

Yaya ta zauna bakin gado ta riƙe haɓa. Ta ce, "Abdu, kai da ake cewa ko ƙuda bai isa ya gitta ajinka ba ka gani ba, ashe kanti guda aka buɗe a gidanka kana zaune? 'Yar makaranta, ina ta samo wannan uban kaya?"

Na ce mata ban sani ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a kwalejin ilimi kafin in yi ritaya, ban saba furta wannan magana a gaban kowa ba.

Akwai abu na biyu. Wayarta tana hannuna, ina sa mata caji kullum, kada ki tambaye ni dalili. Kowace safiya ƙarfe bakwai sai wani saƙo ya fito a fuskarta daga wata manhaja mai hoton maratayin kaya. Na yau cewa ya yi, "Akwai alamar ruwa da rana. Lamba 41 za ta dace da lamba 88." Wayar a kulle take, iyakar abin da nake iya gani ke nan. Ki yi mini bayanin mece ce wannan manhaja, kuma mece ce alaƙarta da lambobin da ke jikin kayan.

Kafin in rufe: Sati mai wanki ya zo gaisuwa shekaranjiya, duk da na daina ba shi kayana tun bara da kwat ɗina ruwan toka ya ɓace a hannunsa. Ya yi kuka fiye da yadda na zata. Na gode masa, na raka shi har bakin ƙofa.

Allah ya yi miki albarka.

Baffanki,
Abdulmalik Haliru.

*

Fatakwal,
11 ga Satumba.

Baffana,

Ina gaishe ka da ladabi, ina kuma ƙara yi mana ta'aziyya. Ya haƙuri? A gaishe da Gwaggo, a ce mata maganin gwiwar nan bayan an ci abinci ake sha, ba da shayi tsura ba, na san halinta.

Da na ga rubutun hannunka sai da na shiga ɗakin ajiyar magani na rufe ƙofa. Ka ci gaba da rubutowa, Baffa, ni ma ya fi mini sauƙi.

Lambar buɗe wayar ita ce rana da watan haihuwarka. Ba ta taɓa canza ta ba.

Manhajar kuwa ta tsara sutura ce, irin masu basirar na'ura. Mutum zai shimfiɗa riga a kan gado ya ɗauki hotonta, ita kuma ta goge gadon daga hoton ta bar rigar kaɗai, ta gane launinta da irin yadinta, ta adana. In ka gama shigar da kayanka duka, sai ta riƙa haɗa maka: wannan siket da wannan riga da wancan mayafi. Tana duba yanayin gari, tana tuna abin da aka sa jiya don kada a maimaita, tana da kalanda da za a iya cika ta tun kafin lokaci. 'Yan gayu suke amfani da ita. Rumaisa ta sha wahala da ita da farko, don ba ta san atamfa ba, duk zanen da ta gani sai ta ce labule ne. Sai da ta zauna ta yi ta gyara mata har ta koya. Shi ya sa ta ɗinka lambobin, don abin da ke cikin waya ya yi daidai da abin da ke cikin wadirob.

Yanzu ga roƙona, don girman Allah. Kada a raba kayan nan. Yawancinsu ba ita ta saya ba, kuma akwai wanda zai shiga wani hali in suka bar gidan. Ta sa na rantse ba zan faɗa maka ba, kai musamman. Ka ba ni lokaci in nemi izinin wanda abin ya shafa.

Gobe da safe za mu shiga jirgin ruwa zuwa ƙauyukan cikin rafuka aikin rigakafi. An ce mako biyu ne ko fiye, kuma babu sabis a can. Da na fito zan rubuto.

'Yarka,
Jawahir.

*

Kontagora,
14 ga Satumba.

Jawahir,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Na isar da saƙonki ga Gwaggonki, ta ce ki fara auren likita tukuna sannan ki koya mata shan magani.

Na karanta sakin layi na biyar na wasiƙarki sau da yawa. Kin ce ba ita ta saya ba. Kin ce akwai wanda zai shiga wani hali. Kin ce ni musamman aka ɓoye wa. Na koyar da ɗalibai cewa kada su yanke hukunci sai hujja ta cika, saboda haka na buɗe wayar ina fatan in ga abin da zai ƙaryata tunanina.

A cikin kalandar manhajar akwai wurin da take rubuta wa kanta tuni. Ga abin da na samu, har sau tara tsakanin bara da bana, da kalmomi iri ɗaya: "Luka, Juma'a, bayan Abba ya tafi masallaci, ta ƙofar baya."

Ban san wani Luka ba. Ban nuna wa Yaya ba, ba kuma zan nuna wa kowa ba. Yarinyar nan ta tafi gaban wanda ya fi ni sani da adalci, ba ni da abin da zan bi ta da shi sai addu'a, kuma ina yi. Amma ni na rene ta ni kaɗai tun tana 'yar shekara tara. Ni na riƙa kai ta wajen kitso ina zama a mota ina duba takardun jarrabawa har a gama. Na ɗauka babu ƙofa a gidan nan da ake buɗewa a bayan idona.

Ina tambayarki kai tsaye, a matsayina na wan mahaifinki: wane ne Luka, kuma shi ne ya saya mata kayan nan?

Game da roƙonki, ki yi haƙuri, ban karɓa ba. Na ce wa Yaya ta zuba su a jakunkuna. Ta riga ta yi wa matan ƙauyen mijinta alkawari, ni kuma na fi son su tafi nesa, inda babu wanda zai ga zane a jikin wata ya tuna da 'yata. Ranar arba'in za a ɗauke su.

Baffanki,
Abdulmalik.

*

Kontagora,
25 ga Satumba.

'Yata Jawahir,

Bayan gaisuwa da fatan ruwan can bai cutar da ke ba. Kwana goma sha ɗaya ke nan wasiƙata tana zaune a waya ba a buɗe ba. Na san kin faɗa mini babu sabis, amma zuciya ba ta karɓar uzuri da sauƙi. Wani lokaci nakan ce ko kin gani kin rasa amsa ne.

Tunda babu wanda zan tambaya, sai na tambayi manhajar. Tana da wurin da ake rubuta mata magana ta amsa. Na yi mata sallama, na gabatar da kaina, na tambaye ta wanda ya sayi kayan nan. Ta yi mini ta'aziyya cikin ladabi, ta ce ba ta da wannan bayani, sannan ta ƙara da cewa in akwai taron da zan halarta, ruwan toka yana dacewa da fari. Na taɓa samun ɗalibai masu irin wannan amsa.

Da na ga haka sai na koma ga abin da na iya. Na ɗauki littafi da rula, na bi kayan lamba bayan lamba kamar yadda ake duba rajistar aji. Na kwance jakunkunan da Yaya ta ɗaure, na ari tef ɗin awo a wajen tela. Ta leƙo ta same ni durƙushe ina auna kafaɗar riga. Ta ce, "Inna lillahi. Abdu, boko ya ƙarasa ka. Yanzu kuma ɗinki za ka koya da furfura?" Na ce mata bincike nake yi. Ta ce, "Bincika da kyau, in ka gama ka ninke yadda ka same su."

Ga sakamakon. Kafaɗun rigunan sun kama daga inci goma sha uku zuwa goma sha takwas. Takalman daga lamba talatin da bakwai zuwa arba'in da biyu. Mace ɗaya ba ta da kafaɗa shida. A cikin manhajar kuma na gano wani sashe da ban lura da shi ba da farko, mai ɗauke da sunaye goma sha ɗaya, kowane suna da awonsa: Eunice, Shamsiyya, Promise, Mardiyya da sauransu. An cika musu kalanda tun daga Litinin shida ga Oktoba har mako goma sha biyu, Litinin zuwa Juma'a, babu Asabar babu Lahadi. Gefen kowane suna akwai gari: Kaboji, Nasko, Zugurma. Na Eunice ɗankwali ake haɗa mata, na Shamsiyya hijabi. Ta gama wannan tsari kwana tara kafin zazzaɓin ya kwantar da ita.

Wannan jadawalin makaranta ne, ko daga barci aka tashe ni zan gane shi. Shekara goma sha huɗu ina shugabantar gwajin koyarwa, ni nake tura ɗalibai waɗannan garuruwa su yi zango guda suna koyarwa a duba su. Ina da zato, amma ban taɓa ba zato maki ba.

Abu biyu ne suka tsaya mini. Na farko, lamba goma sha biyu babu ita a cikin jakunkuna. Na duba hotonta a waya: kwat ɗina ne ruwan toka, wanda na yi wa Sati kashedi a kansa a gaban yaransa. Ƙarƙashin hoton an rubuta, "Yana wajen Luka." Na biyu, in abin alheri ne, me ya sa ni musamman aka ɓoye wa? Me 'yata ta gani a tare da ni?

Na ba Yaya magana, kuma kin san ban saba janye magana a kan zato ba. Saura kwana bakwai. In kin fito, ki fara da ni kafin ki sha ruwa.

Baffanki,
Abdulmalik.

*

Fatakwal,
30 ga Satumba.

Baffa,

Yanzun nan muka sauka daga jirgi, ban ko cire takalmi ba. Na ga wasiƙunka biyu. Wayyo Allah, Baffa, ni na jawo wannan da guntuwar maganata. Ka yafe mini, ka yafe mata. Na kira Eunice da Luka, duk sun ce in faɗa maka komai. Kaffarar rantsuwata kuwa zan yi.

Luka ɗalibi ne ɗan aji uku, daga wani ƙauye kusa da Rijau, yana da mata da 'ya'ya biyu. Shi yake ɗaukar kayan a babur ya kai wa 'yan matan masaukinsu, ya dawo da na wanki. Ranar Juma'a yake zuwa don shi ba ya zuwa masallaci, kai kuma ba ka gida. Ko tsakar gida bai taɓa shiga ba, a bakin ƙofa take miƙa masa. Riga ɗaya gare shi ta fita kunya, shi ya sa ta ɗauki kwat ɗinka. Ta ce shekara shida ba ka sa shi ba, ba za ka lura ba. Kwana biyu ka lura. Da ka yi wa Sati faɗa, ta je ta durƙusa masa ta faɗa masa gaskiya, shi ne ya ce ta bar shi a kansa, Dakta zai huce.

Kayan kuwa roƙo ta yi ta yi. Matan malamai, ɗaliban da suka gama, ni kaina na ba da kala takwas. Wasu gwanjo ne ta gyara da hannunta. Aro take bayarwa ga duk wanda zai fita gwajin koyarwa ba shi da abin sawa. Manhajar ce take taimaka mata ta juya kala kaɗan su isa mutum goma sha ɗaya, ba tare da yara sun gane malamarsu tana maimaitawa ba.

Ka tambayi dalilin ɓoyewa. Zan faɗa, amma ka san tana alfahari da kai fiye da komai.

A takardar da kuke auna ɗalibi da ita akwai maki biyar na shiga da tsabta. Shekara huɗu da suka wuce, a wata firamare a Nasko, ka fitar da wata ɗaliba mai suna Alice daga aji a gaban yara, ka ce malami ba ya tsayawa gaban allo da koɗaɗɗen zane da silifa. Rumaisa tana ajin farko a kwalejin lokacin, ɗakinsu ɗaya da ƙanwar Alice a makaranta. Zanen nan shi ne mafi kyau a gidansu, na mahaifiyarsu ne. Alice ba ta koma kwaleji ba.

Rumaisa ta ce ba za ta iya gaya maka ka yi kuskure ba, don dokar daidai take, malami ya kamata ya fito tsaf. Ta ce, "Abba ya riƙe maki biyar ɗinsa, ni zan tabbatar kowa ya ci su." Kuma ba ta so ka san sunayensu, don kada ka shiga aji ka kalli rigar 'yarka maimakon darasin.

Jibi ne Alhamis. Litinin za su fara. Ba su da komai, Baffa, kuma kunyar zuwa gidan makoki neman kaya ta hana su magana.

'Yarka,
Jawahir.

*

Kontagora,
15 ga Oktoba.

Zuwa ga 'yata Jawahir,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da godiya, da neman afuwar jinkiri. Muna lafiya. Ruwa ya ɗauke, an fara yankan shinkafa. Babu abin da zan yafe miki. Ni ne na karanta layi uku na gina musu bene.

Zan ba ki labari bi da bi.

Ranar Laraba na sami Yaya tana tankaɗen garin masar sadaka, na ce mata kayan ba za su tafi ba. Ta ajiye rariya. Ta ce, "Ni za ka mayar ƙaramar mutum? Mata goma sha biyar suna jira na!" Na ce mata ba a sadaka da abin da ba naka ba, kayan nan amana ne a hannun yarinyar, yanzu kuma a hannuna. Na karanta mata wasiƙarki tun daga farko har ƙarshe, ban tsallake wurin da ya shafe ni ba. Ta saurara har na gama. Can ta share ido da bakin mayafi ta ce, "To ai ga shi nan. Kai ka yi digiri uku, ita ta yi hankali." Matan ƙauye kuwa, ta buɗe nata akwatin ta fitar musu da zannuwa, na ƙara da turame biyar daga kasuwa. Tun ranar take gaya wa duk wanda ya shigo cewa ita ta fara lura akwai wani abu game da kayan.

Ranar Alhamis bayan an yi addu'a an watse, ɗaliban su goma sha ɗaya suka shigo, ta ƙofar gaba. Na sa an shimfiɗa musu tabarma a falo. Na riƙe wayar ina kiran suna da lamba, Yaya tana miƙawa. Eunice, wata doguwa mai ƙaramar murya, ta karɓi nata ta rungume, ta fashe da kuka. Na ce mata malama ba ta kuka da rigar Litinin a hannu, za ta yi tabo. Ta yi dariya tana hawaye. Promise ta ce, "Dakta, lamba hamsin da biyu ta matse ni yanzu." Na rubuta wa manhajar haka, nan take ta musanya mata da wata, ta sake jera makon gaba ɗaya. Na yarda tana da amfani, in ta sami mai ba ta tarbiyya.

Ranar Juma'a na je shagon Sati da ƙafata. Na tara yaransa, waɗanda na yi masa faɗa a gabansu, na ce na zalunce shi, ina neman gafara. Ya ce, "Haba Dakta, wallahi ya wuce. Ni dai wanda kake kai wa yanzu ne yake ba ni haushi, dubi yadda ya kashe maka karin hula." Na mayar masa da kayana.

Jiya Talata na hau motar Kaboji, inda aka ce mini an tura Luka. Hanyar ta ɓaci, sai da muka sauka sau biyu muka tura. Na roƙi shugaban makarantar, wanda tsohon ɗalibina ne, ya bar ni in zauna a bayan aji biyar. Luka ne a gaban allo, yana koyar da kashi-kashi na lissafi da ƙwayar gyaɗa a cikin murfin kwano. Kwat ɗina ne a jikinsa. An rage hannun da inci biyu, kuma na gane ɗinkin, irin wanda take yi wa aljihuna ne. Ya gan ni, alli ya faɗi daga hannunsa, ya ɗauka ya ci gaba. Darasin ya yi kyau ƙwarai. Yara arba'in da bakwai, har na bayan aji suna ɗaga hannu.

Da aka tashi ya zo yana tuɓe kwat ɗin. Ya ce, "Dakta, ka yi haƙuri, ga kayanka." Na ce ya mayar, ya fi yi masa kyau. Sai dai ɗaurin taye ɗinsa ya karkace. Na kwance na sake ɗaura masa, na nuna masa yadda ake yi sau biyu. Ya ce, "Haka Anti Rumaisa ta ce, wai babanta ne kaɗai ya iya shi a garin nan." Na ɗauki lokaci mai tsawo a kan ɗauri na biyun.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin mutanen da na yaye a shekara talatin da ɗaya. Akwai shugabannin makarantu a cikinsu, akwai masu digirin digirgir. Ban san ko ɗaya da ya gyara mini aikina ba tare da ya kunyata ni ba, sai wadda na rena a ɗakin da ke kallon nawa. Ina so ki sani, kuma ki gaya wa duk wanda ya tambaye ki, cewa ni ne mahaifin Rumaisa.

Ina da buƙata biyu a wajenki. Ta farko, ki samo mini inda Alice take ta hannun ƙanwarta. Na rubuta mata wasiƙa, amma da kaina zan kai. Na kuma tambaya a kwaleji ko akwai hanyar da za ta dawo ta ƙarasa, an ce in kawo takardunta a duba. Ta biyu, ki koya mini ɗaukar hoton kaya. Na shigar da kaftani uku da kwat ɗina baƙi, lamba 165 zuwa 168, don akwai maza huɗu da za su fita zango mai zuwa. A duk hotunan babban yatsan ƙafata ya fito, manhajar kuma ta lissafa shi a cikin takalma.

Saura abu ɗaya. Lamba ɗaya a jerin ita ce leshin nan fari da na saya mata da kaina don bikin yaye su, wanda kika ce na tsofaffi ne. An ɗinka, ba ta kai ga sawa ba. Ƙarƙashin hotonsa ta rubuta, "Kyautar Abba. Wannan ba na aro ba ne."

Yau da safe manhajar ta turo saƙo. Ta ce ta lura ba a taɓa sa lamba ɗaya ba, ko ina so in bayar da ita ga mai buƙata? Akwai wurin danna e, akwai wurin danna a'a.

Na danna a'a. Sauran na makaranta ne. Wannan shi ne gadona.

Baffanki,
Abdulmalik Haliru.